Ƙafar da ta daina ciwo: fashin baƙi kan gwajin jijiya ga mai ciwon suga

Duk wanda ya taɓa raka mai ciwon suga ganin likita ya san yadda zaman yake. A yi sammako, a bi layi, a soki yatsa, a rubuta lambar suga a kati, a ɗaura abin awon hawan jini a dantse. In an shiga wurin likita, hirar kusan duka a kan lambar nan take: yau 9 ce ko 14, me aka ci jiya da dare, maganin ƙarewa ya yi ko mantawa aka yi. A rubuta sabon magani, a ce sai bayan wata biyu. Duk tsawon zaman nan ƙafafu biyu suna ƙarƙashin tebur cikin safa da takalmi, ba wanda ya ce musu ci kanku. In ma an yi dace likita ya tambaya, "Baba, yaya ƙafa?" amsar da yakan samu ita ce, "Alhamdu lillahi likita, da tana hana ni barci da zafi, amma yanzu ta daina."

Wannan amsar ce ya kamata ta sa likita ya ajiye biro. A ciwon suga, ƙafar da ta yi shekaru tana raɗaɗi sannan ta yi tsit, sau da yawa ba warkewa ta yi ba, jijiyar da ke kai ƙarar ce ta gaza. Muna cewa jiki magayi. To a nan magayin ne ya zama bebe. Kusan rabin masu ciwon suga jijiyarsu kan taɓu a tsawon rayuwarsu, kuma a cikin waɗanda ta taɓu ɗin, har kusan rabi ba sa jin wata alama ko kaɗan. Wanda ba ya jin komai ba zai kawo ƙorafi ba. Shi ya sa ba a jiran majinyaci ya faɗa, sai an cire takalmin an gwada.

Da farko sai an warware wani ƙulli da harshenmu ya ɗaura. Kalmar jijiya ta haɗa abubuwa uku da ba dangin juna ba: wadda jini ke bi, wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi irin wadda mahauci ke fincikewa daga nama, da kuma siraran zaruruwa masu kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Likita ya ce "jijiyarka ta taɓu", majinyaci ya fita da fahimtar cewa jini ne ba ya gudu, ya je ya nemi man zafi ya yi ta murza. Ciwon suga kuwa yana lalata biyu daga cikin ukun, jijiyar saƙo da jijiyar jini, kuma kowacce da gwajinta daban. Ta saƙon ita ce ta fi yawan jawo gyambo. Ta jinin ita ke hana shi warkewa.

Yadda suga ke cin jijiyar saƙo ba dare ɗaya ba ne. Jijiya ba ta buƙatar insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka da kitse, kafin suga ya shige ta, don haka duk lokacin da ya yi yawa a jini, ya yi yawa a cikinta. Rarar takan rikiɗe zuwa wasu sinadarai masu gajiyar da ita, a gefe guda kuma ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita suna kauri suna tsukewa. Jijiyar da ta fi tsawo ita ta fi saurin jigata, kuma a jikin mutum ba wadda ta kai wadda ta taso daga ƙasan baya ta sauka har babban yatsa, tafiyar kusan mita guda. Shi ya sa abin kan fara daga kan yatsun ƙafa, duka biyun, ya riƙa hawa sannu a hankali kamar ana saka safa. Sai ya kusa gwiwa kafin yatsun hannu su fara. Masu jin alama kan ce kamar minjirya ta kama su ta ƙi saki, ko kamar kiyashi na yawo, ko tafin ƙafa na ƙuna kamar an zuba barkono, musamman da dare. Wasu kan ce ji suke kamar auduga suke takawa.

Ɓarnar ba ta tsaya kan ji kaɗai ba. Akwai zaruruwan da ke sarrafa ƙananan tsokokin ƙafa. In suka yi rauni yatsu kan lanƙwashe su ƙanƙame kamar na kaza, kitsen da ke zama matashi a ƙarƙashin gindin yatsu ya zame gaba, ƙashi ya koma yana dukan fata kai tsaye a kowane taku. Akwai kuma masu sa gumi. In suka mutu fata ta bushe, kaushi ya yi kauri, faso ya buɗe a dunduniya. Haɗa ukun ka gani: ƙafar da siffarta ta canza, fatarta ta bushe, mai ita kuma ba ya jin inda takalmi ke cinsa. Inda nauyi ya taru sai kanta ta fito, kantar ta zama kamar tsakuwa a cikin takalmi, naman ƙarƙashinta ya daku har ya tara jini, wata rana ya fashe. A ranar iyali za su ce ciwon haka kawai ya ɓullo. Ba haka kawai ba ne, ya yi watanni yana sallama.

Mutumin da ya fi kowa fito da wannan fili ba daga ciwon suga ya fara ba, daga kuturta ne, cutar da ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Paul Brand, likitan fiɗa ɗan Birtaniya, ya yi aiki a garin Vellore na Indiya tun daga 1946. A lokacin kowa ya ɗauka kuturta ce da kanta ke cinye yatsu. Brand ya bi majinyatansa da kallo ya gano ba haka ba ne: cutar jijiya take kashewa, sauran ɓarnar kuwa ƙuna ce da yanka da takurar takalmi da mutum ba ya ji, har da ɓeraye masu gwaguyar yatsu cikin dare mai su yana barci. A 1966 ya koma asibitin kutare na Carville a jihar Luwiziyana ta Amurka, kuma a can ne aka ga cewa ƙafar mai ciwon suga da ta kuturu hanya ɗaya suke bi zuwa ga gyambo. Zancen ɓeran nan ma ba tarihi ba ne. Likitoci a Darussalam ta Tanzaniya sun ba da rahoton masu ciwon suga da suka wayi gari da cizon ɓera a yatsu ba su sani ba.

A wajenmu kuwa masu yin aikin ɓeran suna da yawa. Salansar babur da ke gasa ƙwauri a cikin cunkoso. Kaskon gawayi da ake miƙa wa ƙafa da sanyin hunturu. Ruwan wanka da aka gwada zafinsa da ƙafa. Kwalta ko dandamalin siminti ranar Juma'a a bazara, in sahu ya fito har waje an cire takalmi. Ƙusa ko ƙayar da ta huda silifas. Sabon takalmin salla da aka wuni da shi ana ziyara. Mai yankan farce na yawo da almakashinsa ɗaya, da rezar da ake fere kaushi da ita. Ko wanne daga cikinsu ya sami mai lafiyar jijiya, tsalle zai yi ya janye ƙafa; wanda jinsa ya tafi, sai ya ga jini a safa, in ma ya gani.

Alƙaluman ba su da daɗin ji. Wani bita da aka buga a 2017 ya kiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon suga za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma wanda nasa ya warke, kusan 40 cikin 100 yakan dawo musu cikin shekara guda, kusan 65 cikin 100 cikin shekara biyar. Mafi yawan yanke ƙafar da ake yi wa masu ciwon suga daga ɗan miki ya faro. A Nijeriya an yi wani bincike mai suna MEDFUN tsakanin 2016 da 2017 a manyan asibitoci shida, ciki har da na Kano da Zariya, aka bi majinyata 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa. Fiye da ɗaya cikin uku an yanke musu wani sashe na ƙafa, kusan ɗaya cikin biyar kuma sun rasu. Yawancinsu sun iso ne bayan ciwon ya yi nisa.

To yaushe ake gwajin? Ƙa'idar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka, wadda ƙasashe da yawa ke bi, ita ce mai nau'i na biyu, wato wanda ya fi kama manya, a duba shi ranar da aka gano ciwon; mai nau'i na ɗaya kuma, wanda ya fi kama yara da matasa, bayan shekara biyar da ganowa. Daga nan aƙalla sau ɗaya kowace shekara. Dalilin bambancin shi ne nau'i na biyu yakan yi shekaru yana aiki a ɓoye. A Afirka ma abin ya fi haka, domin kiyasin 2021 ya nuna fiye da rabin masu ciwon a nahiyar ba su san suna da shi ba. Ba ƙalilan ba ne waɗanda mikin da ya ƙi warkewa ne ya fara kai su asibiti, a can aka ce musu suga ne.

Gwajin kansa daga baki yake farawa. Ka taɓa yin miki a ƙafa? An taɓa cire maka yatsa? Ƙoda lafiya? Ido fa, kana iya ganin tafin ƙafarka? Kana shan taba? In ka yi tafiya sharaɓarka na ƙullewa har sai ka tsaya ka huta? Daga nan a cire takalmi da safa na ƙafa biyu, ba wadda ake kuka da ita kaɗai ba. A duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, a duba dunduniya, farce, kanta, da siffar yatsu. Kanta mai ɗigon baƙi a ciki jini ne ya taru, gyambo ne da bai fashe ba. Littattafan likitanci da yawa suna cewa a nemi ja a fata. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka hannu ya fi ido aiki, a taɓa a ji ɗumi, a kwatanta da ɗaya ƙafar, a lura da kumburi ko inda fata ta ƙara duhu. Sai a ɗauki takalmin a zura hannu ciki. Abubuwan da ake cirowa daga takalman mutanen da suka rantse ba abin da ke damunsu sun isa su ba ka mamaki.

Daga nan sai zaren. Wani siririn zaren roba ne mai kama da na fatsa, a maƙale a ɗan mariƙi, likitoci na kiransa monofilamen. Hikimarsa ita ce an ƙera shi ta yadda in an danna shi a fata har ya lanƙwasa, nauyin giram 10 yake bayarwa, ko hannun mai gwajin mai nauyi ne ko marar nauyi. Asalin dabarar ta Max von Frey ce, wanda ya yi amfani da gashi a shekarun 1890. Josephine Semmes da Sidney Weinstein suka mai da shi na roba lokacin da suke nazarin sojojin da suka ji rauni a ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake ɗauke da sunayensu. A Carville aka ga cewa wanda ba ya jin na giram 10 ya rasa jin da ke kare shi daga rauni.

Yadda ake yi: a fara taɓa wa mutum zaren a hannu don ya san abin da zai ji. Sai ya rufe ido. A kowace ƙafa a gwada wuri uku a tafi: ƙarƙashin babban yatsa, tudun gindin babban yatsa, da tudun gindin ƙaramin yatsa. A dora zaren a tsaye, a danna ya lanƙwasa, a ɗaga, duka cikin kamar daƙiƙa biyu, a tambaya, "Hajiya, kin ji? A ina?" Kowane wuri sau uku ake tambaya, amma a cikin ukun sau ɗaya ba a taɓa komai, tambayar kawai ake yi. Wannan ɗan wayon yana da amfani ƙwarai a wajenmu, inda dattijo kan ce "na ji" don kara, kada ya ba yaron likita kunya. Wanda ya amsa biyu cikin uku daidai, jinsa na nan a wurin. Wanda ya kasa, jinsa ya tafi. Ba a dora zaren a kan kanta ko tabo, sai dai gefensu, kuma wannan na buƙatar lura ga manomi ko makiyayin da tafinsa ya yi kauri. Zaren ma yana gajiya: bayan mutum goma zuwa sha biyar ana so ya huta kwana guda, kuma wanda ya shekara a aljihun rigar likita ya tanƙware, ba giram 10 yake bayarwa ba kuma.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka wanda ya ji zaren jijiyarsa ƙalau take. Zaren ba ya kama farkon ciwon, ƙarshensa yake kamawa. Tambayar da yake amsawa ita ce, wannan ƙafar za ta iya kare kanta? Don a kama ciwon da wuri ana haɗa shi da wasu gwaje-gwaje. Akwai ƙarfe mai baki biyu wanda in an buga shi yake karkarwa sau 128 a daƙiƙa. A dora gindinsa a ƙashin babban yatsa a ji ko mutum na jin zirrin. Akwai tsinke mai ɗan tsini, da taɓawa da abu mai sanyi da mai ɗumi, waɗanda ke gwada mafi sirantar zaruruwa, su ne kuma sukan fara lalacewa. Gwajin na'ura mai aika lantarki ta cikin jijiya, wanda ke da tsada kuma sai manyan asibitoci, yawancin mutane ba sa buƙatarsa.

In babu zare babu ƙarfe fa, kamar yadda yake a ɗakunan shan magani da yawa na karkara? A asibitin Ipswich na Ingila an fito da wata hanya da aka buga a 2011, wadda ba ta buƙatar komai sai ɗan yatsa. Majinyaci ya rufe ido, mai gwaji ya dora kan manuninsa a hankali, daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, a kan babban yatsa, na tsakiya, da ƙarami na kowace ƙafa. Dorawa kawai, ba dannawa, ba sosawa. In a cikin shidan akwai biyu ko fiye da bai ji ba, ƙafar na cikin haɗari. Da aka kwatanta shi da zaren sakamakonsu ya zo kusa da juna. Ɗa zai iya yi wa mahaifinsa a tsakar gida bayan magariba. Ni a ganina wannan gwajin ya kashe bakin duk mai cewa rashin kayan aiki ne ya hana.

Jijiyar jini kuma da yatsu ake fara neman bugunta, a saman ƙafa da bayan idon sawu ta ciki. Ƙafar da ta yi sanyi, gashin ƙwauri ya zube, fata na sheƙi, bugun kuma ya ɓace, sai a tura ta awon da ake kwatanta ƙarfin jini a idon sawu da na dantse. Lambar da awon ya bayar in ta gaza 0.9 alamar toshewa ce. Sai dai a ciwon suga bangon jijiyar kan yi tauri kamar bututu, lambar ta haura 1.3, wanda bai sani ba ya ɗauka lafiya ce ta yi yawa. Sannan wanda jinsa ya mutu ba lalle ya ji ƙullewar sharaɓar da ke tona asirin toshewar ba. Ciwo ɗaya ke rufa wa ɗaya asiri.

A nan sai a yi hattara kada a jibga wa suga laifin kowa. Maganin metformin, wanda masu nau'i na biyu da yawa ke sha, in an daɗe a kansa yakan rage bitamin B12, ƙarancinsa kuma na kashe ji. Isoniazid na cikin maganin tarin fuka na yin haka, haka giya, ciwon ƙoda, ƙanjamau, da kuturta ita kanta. In mutuwar jin a ƙafa ɗaya ce kawai, ko ta zo da sauri cikin makonni, ko rashin ƙarfi ya fi rashin ji yawa, to a nemi wani dalilin.

Sakamakon duk wannan ba "lafiya" ko "ba lafiya" ba ne, mataki ne. Ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan ƙafar masu ciwon suga, IWGDF a taƙaice, ta kasa mutane huɗu. Wanda jinsa da jininsa duka ƙalau, mataki na 0, a sake duba shi bayan shekara. Wanda ɗaya daga cikin biyun ya taɓu, mataki na 1, duk wata 6 zuwa 12. In biyun sun haɗu, ko ɗayansu ya haɗu da lanƙwasar ƙafa, mataki na 2 ke nan, duk wata 3 zuwa 6. Na ƙarshe shi ne wanda bayan taɓuwar ji ko jini ya taɓa yin gyambo, ko an taɓa yanke masa wani abu, ko ƙodarsa ta kai ga wanki. Wannan duk wata 1 zuwa 3. Ka lura wanda mikinsa ya warke bai koma baya ba, saman layi ya hau. Tabon ba shi da ƙwarin fatar asali, kuma abin da ya jawo mikin farko yana nan bai je ko'ina ba.

Amma gwajin da aka yi aka rubuta a fayil aka rufe bai hana komai ba. Amfaninsa shi ne ya canza abin da mutum zai yi gobe da safe. Ƙwararrun kula da ƙafa zalla ƙalilan ne a ƙasashenmu, don haka nauyin yana kan nas da likitan da ke ganin layin nan mai tsawo, da kuma iyali. Da a ce za a riƙa rubuta matakin a katin majinyaci kusa da lambar suga, a kuma faɗa masa da Hausar da zai gane, "Baba, ƙafarka ta daina ba ka labari, daga yau ido ne zai yi mata gadi", da an rage aiki a ɗakin tiyata. Shi ma majinyaci yana da dabara: da ya zauna gaban likita ya cire takalmi da safa tun ba a ce ba. Da wuya likita ya ga ƙafa tsirara a gabansa ya ƙi dubawa.

A gida kuwa gani ya kori ji, a ma'anarsa ta zahiri. Musulmi yana da wata dama da littattafan Turai ba su san da ita ba: sau biyar a yini hannunsa na bin ƙafarsa a alwala, yana cuɗawa, yana tsettsefe yatsu. Abin da ya rage shi ne ido ya bi hannun, sannan a tsane tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta, domin damshin da ke kwana a wurin shi ke sa fata ta yi fari ta tsage. Wanda ƙiba ko ciwon baya ko raunin ido ya hana shi ganin tafinsa, ya sa madubi a ƙasa ko ya sa wani ya duba masa. A shafa mai a dunduniya da tafi, ban da tsakanin yatsu. A girgiza takalmi a laluba cikinsa kafin a saka. Takalmi da yamma ake sayensa lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, mai faɗin gaba, a fara sa shi awa ɗaya ko biyu a cire a duba. Ruwan zafi da gwiwar hannu ake gwada shi. Farce a miƙe ake yanke shi, kaushi kuma ba da reza ba. Mata su sani ƙunshi, musamman baƙi, yana ɓoye canjin launin da ake nema. Maniyyaci kuma ya riƙe takalminsa a 'yar jaka. Likitoci a Saudiyya sun sha ganin alhazai masu ciwon suga da tafinsu ya saɓule bayan sun ɓatar da takalmi sun taka ƙasa mai zafi zuwa masauki.

Tambayar da kowa ke yi ita ce ko jin zai dawo. Wanda ya riga ya tafi da wuya ya dawo. Abin da ake iya yi shi ne hana shi tafiya ko rage masa gudu. Babban binciken DCCT da aka fitar a 1993, a kan mutum 1,441 masu nau'i na ɗaya, ya nuna matsa wa suga lamba ya rage kamuwa da ciwon jijiya da kusan kashi 60 cikin 100. A nau'i na biyu ribar ba ta kai haka ba, sai an haɗa da kula da hawan jini, kitsen jini, ƙiba, da barin taba. Magunguna irin su amitriptyline, pregabalin da duloxetine raɗaɗi suke kwantarwa don a samu barci, ba sa gyara jijiya, kuma ba na saye a kemis kai tsaye ba ne. "Maganin jijiya" na bitamin da ake ta sha kuwa, wanda ke da ƙarancin bitamin ɗin kaɗai yake wa amfani. B6 ma in ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya.

Akwai wani yanayi da ya kamata kowane gida mai ciwon suga ya sani, domin a wajenmu hanyarsa ta farko gidan mai ɗori ce. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi fiye da 'yar'uwarta, babu miki, ciwon kuma kaɗan ne ko babu. A ce targaɗe ne, a ja, a murza, a ci gaba da takawa. Alhali ƙasusuwan tsakiyar ƙafa ne ke narkewa suna karyewa, abin da ake kira ƙafar Charcot, da sunan likitan Faransa da ya siffanta irin wannan lalacewar gaɓa a 1868. In an kama shi da wuri, aka sa filasta aka hana takawa na wasu watanni, ƙafar kan tsira da siffarta. In an bari, tsakiyar tafi ya rufta ya turo ƙasa kamar gindin ƙwarya, daga nan gyambo ba ya ƙarewa.

Haka ma ɗan bororo, ko faso mai ruwa, ko yatsan da ya fara duhu: a ƙafar da jinta ya mutu babu ƙaramin ciwo. Ƙa'idar Birtaniya ita ce a tura irin wannan ga ƙwararru cikin ranar aiki guda. Kada a jira zazzaɓi, domin mai ciwon suga kan iya ɗaukar mugunya har ƙashi jikinsa bai yi zafi ba. Kada kuma a jira ranar da aka rubuta a kati. Makonnin da ake ɓatawa ana cewa daji ne ba ya son allura, ko wani abu aka taka, ana barbaɗa gari ana ɗaurewa da tsumma, mai ciwon kuma yana ci gaba da zuwa kasuwa a kan mikin tunda ba ya jin sa, su ne sukan raba wanda za a wanke wa ciwo a sallame shi da wanda za a kira 'ya'yansa su sa hannu a takarda.